Lambun da aka ce shi ya kai mai shi kaso

A filinmu na tarihi na makon jiya mun taɓo labarin wani lambu na ƙasar Faransa, lokaci ya ƙare ba mu kai ƙarshe ba. Da yawanku kun kira kun ce a rubuto shi cikakke. To ga shi.

Duk wanda ya zauna bencin lakwal a ƙasar nan ya san sunan La Fontaine. Mun hardace tatsuniyarsa ta hankaka da dila, mun tsaya gaban allo muna zubo ta da ka, mushe na tsaye da tsumagiya yana jiran a yi tuntuɓe. Abin da ba a faɗa mana ba shi ne wanda ya ɗauki nauyin La Fontaine tun bai yi suna ba. Sunansa Nicolas Fouquet, ministan kuɗin sarkin Faransa Luwi na 14. Gidan gonarsa, wanda ake kira Vaux-le-Vicomte, shi muka je gani lokacin da aka tura mu wani ɗan horo na aikin radiyo a Paris.

Ranar wata Asabar muka shiga jirgin ƙasa zuwa Melun, kamar kilomita 50 kudu maso gabas da Paris, daga nan muka ɗauki taksi. Tafiyar ƴan mintoci ce cikin gonaki, sai doguwar hanya mai manyan itatuwa jere dama da hagu, sai ga gidan ya bayyana: ginin dutse mai ƙubba a tsakiya, an kewaye shi da rami cike da ruwa, irin gwalalon da ake yi wa birni a zamanin da. Filin duka ya kai hekta 500, mafi yawansa daji ne. Lambun kansa hekta 33.

Mu a nan, in an ce garka, abin da ke zo mana a rai shi ne albasa, tumatir, salati, rake, da mutum tsaye bakin rijiya yana ban ruwa tun asuba. Wani abokin tafiyarmu ɗan wajen Galmi, da muka fito bayan gidan muka tsaya bisa matakala, ya dubi filin nan daga farko har ƙarshe ya ce: "To ina abin ci?" Muka yi dariya, amma tambayarsa tana kan hanya. Duk faɗin abin da ido ke gani babu abin sa wa a tukunya. Ciyawa ce da aka aske, hanyoyin tsakuwa miƙaƙƙu kamar an ja su da igiya, tabkuna na gini, ruwa mai tsartuwa sama, da mutum-mutumi na dutse. An yi wannan wuri don a kalle shi, kuma don mai kallo ya san girman wanda ya mallake shi.

Wanda ya tsara shi sunansa André Le Nôtre. Gadon aikin ya yi, ubansa da kakansa duk masu kula da lambun sarki ne a Paris, amma shi ya haɗa da ilmin zane da lissafi. Abin da ya yi a Vaux sai ka taka da ƙafarka kake gane shi. Daga matakalar gidan muna hangen wani bango mai kogunan gini a can ƙarshen lambun, bayansa tudu mai ciyawa, bisa tudun wani ƙaton mutum-mutumi mai ruwan zinariya. Muka ce minti biyar ya ishe mu. Muka kama tafiya. Muna tafiya wurin na ƙara nisa. Ashe tabkunan da ke nesa an yi su manya fiye da na kusa, don ido ya ɗauka duk girmansu ɗaya ne, nisan ya taƙaita. Ashe kuma filin da muke gani shimfiɗe ba shimfiɗe yake ba, hawa-hawa ne, yana gangarawa sannu.

Da muka kusa kaiwa ga bangon nan, sai ƙasa ta yanke a gabanmu. Ga wani dogon ruwa kwance a ƙasa, ya gitta lambun daga wannan gefe zuwa wancan, tsawonsa ya kusa kilomita ɗaya, kuma daga gidan ko alamarsa ba a gani. Wata ƴar korama ce da ke ratsa wurin tun asali, aka tare ta, aka miƙar da ita, aka faɗaɗa ta. Bangon da muke tsammani hannu zai taɓa yana can ƙetare, sai an yi zagaye mai nisa. Kafin wannan gangaren akwai wani tabki mai kusurwa huɗu. In ka tsaya bayansa ka juyo, gidan gaba ɗaya, har ƙubbarsa, yana kwance cikin ruwan kamar a madubi, alhali ya yi nisan ɗaruruwan mita. Ruwan da ke tsartuwa kuwa ba inji ke tura shi ba tun asali. An tara shi a wuri mai tudu, ya biyo tiyo ta ƙarƙashin ƙasa, nauyinsa ya tura shi sama.

Mun daɗe a nan muna juyawa muna sake dubawa. Lambun nan yana nuna maka abu ɗaya daga nesa, in ka matso ka tarar da wani. Labarin mai shi ma haka yake.

Ga yadda aka saba bayar da shi. Ranar 17 ga Agusta 1661 Fouquet ya gayyaci sarki liyafa a sabon gidansa. Sarki yana saurayi ɗan shekara 22. Aka zagaya da shi lambun, aka ci abinci na ƙasaita, Molière da ƴan wasansa suka yi sabon wasan kwaikwayo a cikin lambun, dare ya yi aka cika sama da wasan wuta. Sarki ya ga bawansa ya fi shi gida, kishi ya kama shi, ya koma fadarsa ta Fontainebleau a daren bai kwana a ɗakin da aka shirya masa ba. Bayan kwana 19, ranar 5 ga Satumba, aka kama Fouquet a birnin Nantes. Sojan da ya kama shi d'Artagnan ne, wanda wasunku suka san sunansa a fim. Darasin da ake cirewa: kada ka nuna wa sarki ka fi shi.

Liyafar gaskiya ce, kamun ma gaskiya ne. Sai dai ba liyafar ta jawo kamun ba. An riga an yanke shawarar kayar da shi watanni kafin ranar. Sarki ya zo cin abincin mutumin da ya riga ya gama da shi a zuci.

Don a gane dalili sai an koma baya kaɗan. An haifi Fouquet a 1615 cikin gidan masu hali. Ya sayi filin Vaux a 1641, lokacin tsohon gida ne kawai da ƴan ƙauyuka. Ya auri mata masu dukiya, ta farko ta rasu, ya sake auren wata. A 1653 aka ba shi riƙon kuɗin ƙasa, a lokacin da baitulmali ya bushe ƙaf: yaƙi da Spaniya ya ƙi ƙarewa, ga tawayen cikin gida na shekara biyar da aka fito daga cikinsa. Lampon shekaru masu zuwa ma an riga an ci bashi a kansa. Attajirai sun daina yarda su ranta wa sarki, don an sha cinye musu. Amma sun yarda da Fouquet. Sai ya zama shi ke cin bashi da sunansa, ya jinginar da dukiyarsa, ya ba gwamnati, daga baya ya biya kansa daga lampo, da riba. Aljihunsa da aljihun ƙasa suka zama ɗaya, har ba mai iya cewa ga inda wannan ya tsaya ga inda wancan ya fara. Cikin waɗannan shekaru ne ginin Vaux ya tashi, ya ɗauko gwanaye uku na zamaninsa: Le Vau mai tsara gini, Le Brun mai zane, da Le Nôtre.

Ya ci? Ya ci, babu shakka. Amma ba shi kaɗai ba, kuma ba shi ya fi kowa ba. Ubangidansa Mazarin, firaminista kuma babban limamin coci, ya tara dukiyar da ta ninka tasa nesa ba kusa ba, ta irin waɗannan hanyoyi. Wanda ke riƙe wa Mazarin lissafin dukiyarsa kuwa shi ne Colbert. Ranar 9 ga Maris 1661 Mazarin ya mutu. Washegari sarki ya tara ministoci ya ce daga yau ba sauran firaminista, shi zai yi mulki da kansa. Fouquet bai ɗauki maganar da nauyi ba, yana ganin yaro ne, zai gaji ya neme shi. Colbert kuwa ya samu kunnen sarki, yana kai masa lissafi yana nuna masa inda aka yi rufa-rufa. In aka ɗora wa Fouquet laifin ɓarnar shekarun nan duka, sunan Mazarin ya tsira, na Colbert ma ya tsira, kujera kuma ta samu.

A cikin gidan mun ga tambarin Fouquet a bango da rufi ko'ina: kurege ne, irin na bisa itace, don a yaren yankinsu sunan nasu ma'anarsa ke nan. Kirarin da ke tare da shi da Latin yana tambaya ne, wai ina ne ba zai hau ba. Tambarin Colbert kuwa maciji. Mu da muka tashi da tatsuniyoyin wayon kurege, abin ya ba mu dariya. Wannan karon wayon bai fisshe shi ba.

Akwai abin da ya tsare shi da farko. Bayan riƙon kuɗi yana da wani muƙami na babban mai gabatar da ƙara a kotun ƙoli ta Paris, kuma mai wannan muƙami ba wanda ke iya yi masa shari'a sai abokan aikinsa na kotun. Aka lallashe shi ya sayar da muƙamin, don a zamanin ana saye ana sayar da muƙamai kamar gona. Ya sayar kwanaki kaɗan kafin liyafar, ya ɗauki kaso mafi girma na kuɗin ya kai wa sarki kyauta, yana ganin yana sayen yarda. Garkuwarsa ya ajiye da hannunsa. Sannan akwai abin da ya tsorata sarki fiye da lambu: Fouquet ya sayi wani tsibiri mai suna Belle-Île a bakin tekun yamma, yana ƙarfafa ganuwarsa. Bayan an kama shi aka samu wata takarda ɓoye bayan madubi a wani gidansa, inda ya rubuta abin da mutanensa za su yi in an taɓa shi. Sarkin da ya ga tawaye da idonsa yana yaro, har aka gudu da shi daga Paris cikin dare, ba zai ga irin wannan ya kau da kai ba.

Shari'ar ta ɗauki shekara uku. Kotu ce ta musamman da aka kafa, aka zaɓo alƙalanta, mutanen Colbert suka yi ta juya takardun shaida yadda suke so. Fouquet ya kare kansa da kansa, kuma ya iya magana, har mutanen Paris da suka fara da tsine masa suka koma tausayinsa. Ranar 20 ga Disamba 1664 aka yanke hukunci. Cikin alƙalai 22, tara suka ce a kashe shi, 13 suka ce a ƙwace dukiyarsa a kore shi daga ƙasa. Sarki bai ji daɗi ba. Al'ada ita ce sarki ya sassauta hukunci, shi kuwa sai ya tsananta: ya mayar da korar ɗaurin rai da rai, don mutumin da ya san asirin ƙasa haka ba a barinsa ya ƙetare iyaka. Alƙalin da ya jagoranci masu sassauci, d'Ormesson, daga nan tauraronsa ya dushe. Aka kai Fouquet kason Pignerol cikin duwatsu, garin da yau yake ƙasar Italiya. Sai a 1679 aka bar matarsa da ƴaƴansa suka gan shi. A can ya mutu a watan Maris 1680.

A nan La Fontaine ya dawo cikin labarin. Lokacin da masu cin tuwon gidan suka watse, shi bai juya baya ba. Ya rubuta waƙa yana roƙon sarki ya ji ƙan ubangidansa. Roƙon bai yi amfani ba, kuma sarki bai taɓa sakin jiki da shi ba bayan haka. Tatsuniyoyin da muka hardace sun fara fitowa a 1668, shekara huɗu bayan hukuncin. Duk wanda ya tuna yadda zaki ke shari'a a cikinsu, da yadda ƙaramar dabba ke ƙarewa, ya san mai rubutun ya ga wani abu da idonsa.

Sarki kuma me ya yi da Vaux? Ya kwashe. Darduman bango, mutum-mutumi, itatuwan lemu da ke cikin tukwane, aka yi gaba da su. Masaƙar da Fouquet ya kafa a ƙauyen Maincy aka mayar da ma'aikatanta Paris. Gwanayen nan uku kuma aka ce su zo su yi wa sarki irin wannan, amma wanda ya fi shi. Abin da suka gina shi ne Versailles, inda fadar Faransa ta koma a 1682. Wanda aka ɗaure saboda almubazzaranci, shi aka kwaikwaya, aka ninka. A babban zauren tsakiyar gidan Vaux mun ɗaga kai muka dubi cikin ƙubbar: zanen da Le Brun ya shirya yi a wurin ba a taɓa yin sa ba, aiki ya tsaya ranar da aka kama mai gida.

Akwai mutanen da labarin bai cika tsayawa a kansu ba. Kafin a ja waɗannan miƙaƙƙun hanyoyi akwai ƙauyen Vaux a wurin, da wasu ƴan unguwanni biyu. Fouquet ya saye su ya rushe. Inda muka tsaya muna ɗaukar hoto, wataƙila tsakar gidan wani ne, ko gonar da ya gada. Kuɗin da ya biya gwanaye da leburori kuma, ko ta wace hanya ya biyo, ƙarshensa daga lampon manoma ya fito, don a Faransar wancan zamani manyan masu sarauta da malaman coci ba sa biyan babban lampon, talaka ke biya. A shekarar da aka yi liyafar da wadda ta biyo ta, amfanin gona ya lalace, yunwa mai tsanani ta faɗa wa ƙasar. Fouquet da Colbert da sarki kowa an san sunansa, an san abin da ya faɗa. Waɗanda aka tayar daga ƙauyen, baƙo zai zagaya lambun tun safe har dare bai ji an ambaci ko ɗaya ba.

Bayan shekaru matar Fouquet ta samu aka mayar mata da gidan. A 1705 aka sayar wa wani babban hafsan soja, Villars, a 1764 ya koma hannun gidan Praslin. Cikin ƙarni na 19 aka bar shi shekaru kusan talatin ba kowa, ciyawa ta cinye hanyoyin, tabkuna suka cushe. A 1875 aka sa shi gwanjo, wani attajiri mai masana'antar sukari, Alfred Sommier, ya saya. Shi da zuriyarsa suka bi tsofaffin zane-zane suka tayar da lambun, aikin da ya ci kusan shekara hamsin. Mutum-mutumin zinariyar nan da ke bisa tudu ma a zamaninsa aka kafa shi. Lokacin yaƙin duniya na farko an mayar da wani sashe na wurin asibitin sojoji. A 1968 jikokin gidan suka buɗe ƙofa ga jama'a, kuma har yau a hannunsu yake, kuɗin tikitin baƙi na cikin abin da ke riƙe da shi. Wahalar ba ta ƙare ba. Ƴan gajerun itatuwan da aka aske a gaban gidan kamar surfanin wuyan riga, cuta da tsutsa sun kashe su, aka tumɓuke. Lokacin da muka je, zanen ƙarfe mai ƙyalli aka shimfiɗa a madadinsu. Abokinmu na Galmi ya ce ashe tsutsa ba ta san gonar mai kuɗi ba.

Ranakun Asabar na lokacin zafi ana kunna kyandir 2000 a gidan da lambun in rana ta faɗi, don tuna daren liyafar. Mun tsaya mun gani. Yana da kyau, ba za mu ɓoye muku ba, kuma mun ji daɗin ganinsa. Amma a hanyar komawa hirar da muka yi cikin jirgi ba ta kyandir ba ce.

Abin da muka yi ta juyawa shi ne wannan. Mu ma mun san ma'aikacin da albashinsa sananne ne, gidan gonarsa kuma ya fi ƙarfin albashin shekara ɗari. Mun san manomin bakin gari da aka saye gonarsa da arha, yau shi ke gadin ƙofarta. Mun kuma san yadda ake yi in iska ta juya: a kama mutum ɗaya, a yi ta shela, waɗanda suka ci tare da shi su koma layin gaba suna tafi. Labarin Fouquet ya nuna mana abu biyu na iya zama gaskiya a lokaci ɗaya, mutum ya taɓa dukiyar jama'a, kuma a zalunce shi wajen shari'a. In muka ce tunda ya ci a yi masa duk abin da aka ga dama, gobe wanda bai ci ba ma haka za a yi masa. In kuma muka ce tunda an zalunce shi to wankakke ne, mun manta da mutanen ƙauyen Vaux. Talakan Faransa bai samu ragin wahala don an ɗaure Fouquet ba. Versailles aka gina masa a ka.

Tambayar da za mu buɗe layi a kanta a fili na gaba ita ce: in an kama babban ma'aikaci kan dukiyar ƙasa, me ya kamata jama'a su sa ido a kai, ɗaurinsa ko inda dukiyar ta koma? Ku shirya amsoshinku, dattawanmu da malamanmu musamman muna jiran ku. Gaisuwa ga tsofaffin mushenmu da suka sa mu hardar La Fontaine, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu. Mu kwana nan, sai mun haɗu.